Haraji Na Gudu A Mota, Canji Na Tafe A Ƙasa

Duk wanda ya yi sammako ya je unguwar Abatuwa a Jos zai tarar da motocin akori-kura da kekuna masu ƙafa uku sun yi layi suna jiran nama. Shanun da aka yanka wasu daga Kara ta Bukuru aka kawo su, wasu daga 'Yan Shanu. Kafin tsoka ɗaya ta kai teburin mahauci an biya kuɗin kara, an biya kuɗin yanka, an biya kuɗin tasha, motar da ta ɗauko naman kuwa gilashinta na gaba ya cika da sitika har direba sai ya leƙa ta gefe kafin ya ga hanya.

Wannan fa duk a cikin gari ne. 'Yan Arewa mazauna Kurmi sun fi kowa sanin sauran labarin, domin su ne ke tsaye a Mile 12 da Agege da Shasha ta Badun da Lokpanta suna jiran tirelar shanu, ko motar tumatir daga Farin Gada, ko ta dankalin Turawa daga Bokkos. Daga Jos a gangara Akwanga, a bi Lafiya da Makurɗi a nufi Inugu, ko a ratsa Lokoja a nufi Ikko, Allah kaɗai ya san yawan katako mai ƙusa da za a shimfiɗa wa direba. Kowane shinge da rasidinsa, kuma rasidin wannan ƙaramar hukuma ba ya aiki a ta gaba. Duk abin da direba ya biya, mai kaya ne ya biya, shi kuma a kan mai saye zai fanshe.

Ba don rashin doka ba ne. Tun 1998, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, Doka mai lamba 21 ta raba wa kowa rabonsa: harajin hanya na Jiha ne, kuɗin mayanka da na tasha na ƙaramar hukuma ne, lasin rediyon mota kuwa a Jihar da aka yi wa motar rajista ake biyansa. Ta kuma hana kowa kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Amma a watan Fabrairu na 2021, da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsai da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, waɗannan shingaye na cikin kukanta. Watau shekara 23 dokar tana barci a takarda, katako yana aiki a kwalta.

To, yanzu an zo da sabuwa. Ran 26 ga watan Yuni 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda 4 waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya share wa fage, aka tsai da 1 ga Janairu 2026 a matsayin ranar fara aiki da su. Hukumar FIRS ta zama NRS. Gaskiya akwai abin yabo a ciki. Naira 800,000 na farko a cikin abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu. Motar sana'a ana cire kashi 25 cikin 100 na kuɗinta kowace shekara daga riba kafin a yanka haraji. Wanda ya yi rajistar VAT kuma yana iya neman a mayar masa da kashi 7.5 ɗin da ya biya a kan kayan aiki, har da mota.

Amma fa akwai sharaɗi. Motar da ba a biya mata kuɗin kwastan ko VAT ba, ba ta da wannan rangwame. To, akori-kura nawa ce a Abatuwa take da cikakkiyar takardar kwastan? Akasarinsu sun bi hannu huɗu ko biyar kafin su iso Jos, takardar ciniki kuwa musafaha ce da shaidu biyu. Ga kuma tsohuwar ƙa'idar nan da ta ce in ana aikin gida da motar, sai a ware rabon sana'a kaɗai. Motar da ta ɗauki nama da asuba, ta kai yara makaranta da hantsi, ta kwashi 'yan rakiyar amarya da yamma, sai an samo malamin lissafi kafin a san rabon sa da rabon amarya.

Maganar mayar da kuɗi ita ce ta fi ciwo. Ga mai mota da ya sami kwangilar kai nama wata makarantar kwana ko wani otal. Kafin a biya shi an zare harajin da ake cirewa tun daga tushe, sai ya bi sawun takardar shaidar an kai kuɗin. In ya zamana abin da aka zare ya fi abin da ake binsa, to, ya shiga layi. Dokar FIRS ta 2007 ta ce a mayar cikin kwana 90, amma kwanakin ba su fara ƙirguwa sai Hukuma ta gama bincike ta yanke shawara, kuma akwai zaɓin a ajiye masa a kan harajin baɗi. Tamkar mai shayi ne ya riƙe canjin mutum ya ce ya zo gobe ya sha na sauran. Shi kuwa mai biya, in ya makara, tarar kashi 10 cikin 100 ce da kuɗin ruwa a kai. Sabuwar doka ta ce kuɗin VAT a mayar cikin kwana 30. Madalla. Sai dai ɗan kasuwar da jarinsa ke juyawa daga asuba zuwa azahar, kwana 30 ma ba kusa ba ne, balle in suka haihu.

Akwai dai motocin sana'a da ba su taɓa shan wannan wahala ba. A 2023, watanni kaɗan bayan janye tallafin mai, aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci, jaridu suka ce kowace ta kai wajen naira miliyan 160. Da aka yi surutu, sai aka ce ai motocin aiki ne, kuma hanyoyin ƙasar sun lalace. Wannan gaskiya ne, direban tirela ma shaida ne. Bambancin kawai shi ne ba a taɓa jin an shimfiɗa wa Sanata katako an ce ya kawo rasidin rediyo ba.

A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna. Jangalin bai mutu ba, tashi ya yi daga ruga ya koma bakin titi, saniya tana biyansa a kowace iyaka tana cikin mota.

Abin da ya kamata ba boyayye ba ne. Gwamnatin Filato ta Caleb Mutfwang da sauran Gwamnonin da hanyar Kurmi ta ratsa Jihohinsu su amince da rasidi ɗaya daga inda aka yi lodi zuwa inda za a sauke, su kwashe katakon. Hukumar haraji ta ci tara irin wadda take cin mutane duk ranar da ta wuce wa'adin mayar da kuɗi. Su kuma shugabannin mahauta da na direbobi, a Jos da Agege baki ɗaya, su sa mutanensu su riƙa tara rasidi da takardun mota a jaka guda, domin sabuwar doka ta kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji, kuma can ɗin ma takarda za a fara tambaya.