Waiwaye: Tsohon Murhun Zubi a Kangon Gidan Maƙera

Yawancinmu da muka tashi a tsofaffin unguwannin Kano ko Zariya ko Katsina mun san ƙarar wilin keken nan da ba ya zuwa ko'ina. An kafa shi a ƙasa, yaro na zaune yana juya shi da hannu, igiyar roba na jan 'yar fanka, iska na bi ta bututu tana shiga ƙarƙashin gawayi har wuta ta yi fari. Mukan tsaya a hanyar makarantar allo mu yi ta kallo sai an kore mu. Daga irin wannan wurin tukwanen da iyayenmu mata suka dafa abincin suna da na biki suka fito, da ludayi, da tandar waina. Mun ci daga cikinsu shekara da shekaru, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambayar yadda ake gina murhun da ke mai da ƙarfe ruwa.

Kwanakin baya ɗan wani aminina, malamin makaranta, ya shiga share kangon bayan gidansu don yana son ya yi ɗaki. Jikan maƙeri ne, amma bai taɓa riƙe awartaki ba. Boko ta ɗauke shi tun yana ƙarami, yadda ta ɗauke 'ya'yanmu da yawa. A ƙarƙashin tarkace ya ci karo da rabin ganga binne a ƙasa, an shafe cikinta da yumɓu mai kauri, ga bututun ƙarfe ya shiga ta gindinta, ga wilin keke duk tsatsa ta cinye shi. Dama ya daɗe yana kallon Turawa a YouTube suna narkar da gwangwani a bayan gida don sha'awa kawai, yana cewa wata rana shi ma zai gwada. Sai ga shi abin da yake nema a waya yana kwance a gidan kakansa. Ran nan ya so ya hura wuta. Allah ya sa mahaifinsa ya ce a fara kiran wani dattijo da ya yi aiki da marigayi kakan nasa tun suna samari.

Tsohon ya zo da sandarsa, ya durƙusa, ya daɗe yana shafa bangon murhun bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗana, ajiye ashanar nan tukuna. Murhu sai an san abin da ya ci kafin a ba shi wani."

Wannan karatu ne muka manta, kuma yana da daɗin ji. Murhun maƙeran baƙi, masu fartanya da lauje da gatari, ba shi da zurfi, don aikinsa ya gasa ƙarfe ya yi ja a kai shi kan uwar maƙera a buga. Na maƙeran fari masu zubi kuwa rami ne mai zurfi, da mazaunin tukunya a tsakiya, don wuta ta kewaye ta ko'ina. Na narkar da tama dabam yake, a daji ake samun kufansa, da tulin kashin ƙarfe baƙi a gefe. Bayan siffa sai launi. In ka ga kore-kore a jikin yumɓun, tagulla ta bi ta wurin. In ɓawo ne ruwan toka mara nauyi da ke marmashewa a hannu, alminiyum ne. In bangon ya yi sheƙi ya narke ya zama gilashi, an taɓa kai shi zafi mai tsanani. In kuwa ka tsinci ɗan dunƙule mai nauyi, mai laushi, wanda farce ke karta kuma yake zana baƙi a takarda, to dalma ce, sai a yi hattara.

Yaran yanzu suna da lambobin a wayoyinsu: dalma na narkewa a digiri 327, alminiyum a 660, tagulla sai an haura 900, jan ƙarfe a 1085. Lambobin gaskiya ne, kuma ina murna da suna da su. Dattijon nan bai san ko ɗaya ba, amma ya duba tukunyar da aka samu a gefe, wadda aka yanko daga ƙoƙon injin tsohon firji, ya ce wannan ta alminiyum ce kaɗai, in aka matsa mata da tagulla gindinta zai huje a tsakiyar aiki. Da lambar da idon tsoho, wuri ɗaya suka nufa.

Ba jiya muka fara wannan sana'a ba. Labarin kafuwar Kano kansa da maƙera ya fara, Abagayawa da suka zo gindin Dala suna neman tama. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono murahun narkar da ƙarfe a shekarun 1960, waɗanda suka haura shekara 2,000. Abin da ya kashe narkar da tama a ƙasarmu shi ne arha. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ƙarfen Turai da tarkacen reluwe da na motoci suka cika kasuwa, maƙeri ya ga ba dalilin kwana a daji yana zuga. Har a shekarun 1960 akwai sauran waɗanda suka iya a ƙasar Adar ta Nijar, inda wata Bafaranshiya mai suna Nicole Echard ta ɗauki fim ɗinsu suna aikin. Zubin alminiyum kuwa baƙo ne, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu a Afirka ta Yamma, lokacin da tarkacen wannan ƙarfe ya yawaita. Maƙeranmu suka karɓe shi, suka haɗa shi da yumɓun da suka gada da wilin keke, ya zama nasu. Murhun kangon nan ɗan wannan zamanin ne.

Tsohon ya tona toka da yatsa ya fito da ɗan dunƙulen dalma guda. Ya ce a da wasu sukan narka dalmar tsohon batir a irin wannan wuri su yi nauyin kamun kifi ko harsashin bindigar farauta. Nan take ya yanke hukunci: tsohuwar tukunyar a ajiye ta don tarihi, a kwashe tokar da ƙasar da ke kewaye a binne nesa da inda yara ke wasa, kuma kada a zuba abin cin abinci a wannan murhu. Ni ina bayansa ɗari bisa ɗari. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ba mu da uzurin wasa da ita. Wanda kuma ya samu tsohon murhu na kamfani, irin waɗanda aka kawo makarantun koyon sana'a, ya fara neman farantin suna a jikinsa. In ya ga farin abu mai zare-zare a cikin bangon, kada ya kankare shi a bushe, don yana iya zama asbestos, ƙurarsa na lalata huhu.

Gyaran kansa ba shi da tsada, lokaci yake ci. An kankare duk yumɓun da ya saki, an bar wanda ke riƙe. An ɗebo ƙasar suri, an daka tsingaron tsohuwar tukunyar ƙasa an zuba, an ƙara ƙaiƙayi, an kwaɓa da ƙafa an bar shi ya kwana. Tsingaron na hana tsagewa don ya riga ya sha wuta, ƙaiƙayin kuma in ya ƙone yakan bar ƙananan ƙofofi da ke riƙe zafi. An jiƙa tsohon bango kaɗan don sabon ya kama shi, an cike tsaga ɗaya bayan ɗaya. Bututun ma tsohon ya sa an karkatar da bakinsa gefe, don iska ta riƙa juya wuta tana zagaya tukunya maimakon ta doke ta wuri ɗaya. Daga nan sai jira. Kwanaki a inuwa, sannan 'yar wutar kara, sannan gawayi ba zuga, sai da bangon ya daina fitar da tururi aka juya wili.

Saurayin ya ƙosa, ya ce, "Baba, ai ya bushe." Tsohon ya ce bushewar waje ke nan, ta ciki saura. A nan ne gaggawa ke raunata mutane. Ɗigon ruwa in ya zama tururi yakan kumbura ninki kusan 1,700, in ya makale ƙarƙashin narkakken ƙarfe sai ya watso shi a fuska. Shi ya sa maƙera ke ɗumama awartaki da tarkace a bakin murhu kafin su taɓa tukunya, kuma ba sa zubi a kan siminti, sai a kan busasshen yashi. Takalmin fata ake sawa, da tufar auduga, don ta roba narkewa take ta manne a jiki. Aikin kuma a fili ake yi inda iska ke kaɗawa, saboda hayaƙin gawayi na kisa a rufaffen ɗaki, farin hayaƙin tutiya da ke tashi daga tagulla kuma na sa zazzaɓi.

Gawayin ƙirya tsohon ya nema, wanda maƙera suka fi so don nauyinsa da daɗewarsa a wuta, amma ya yi wuya yanzu, itacen ya ja baya daga dazuzzukanmu. Gwangwanin lemo ma ya ce a bar wa masu bidiyo, datti ya fi yawa a cikinsa. Tsohon fistan mota ya fi gudu a cikin yashi, don dama zuba shi aka yi tun asali. Yashin zubi kuwa gwajinsa a tafin hannu yake: ka dunƙula ya riƙe siffar yatsunka, ka karya ya rabu biyu ba tare da ya zube ba.

Zubin farko mariƙin ƙofa ne, ya fito da 'yan ramuka a jikinsa don yashin ya ɗan fi ruwa. Na biyu ya fito sumul, yana jikin ƙofar ɗakin mahaifin saurayin yanzu. Ɗakin da aka so ginawa an matsar da shi gefe, an yi wa murhun rumfar kwano saboda ruwan sama. Duk Asabar malamin makarantar kan ɗauko tsohon a babur, ya zauna gabansa da littafi yana rubuta abin da ya faɗa, 'yan unguwa biyu uku na juya wili bi da bi. Tagulla dai tsohon ya ce sai bayan damina, in an samo tukunyar da za ta iya ɗaukar zafinta.