Raddi Ga Masu Cewa Yarjejeniyar Samowa Ta Halatta Auren Jinsi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, har yau a majalisun hira na birnin Katsina ana maimaita cewa gwamnatin tarayya ta halatta auren jinsi da ta sa hannu a yarjejeniyar Samowa. Ba mu da saɓani da masu wannan magana a kan hukunci: a mazhabar Malikiyya, kamar sauran mazhabobi, aure tsakanin namiji da mace ake ɗaura shi. Labarin ne muke jayayya a kansa, kuma Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike kafin mu zargi mutane. Ga hujjojinsu huɗu, kowace da amsarta.

Ta farko, suka ce auren jinsi yana rubuce a cikin takardar. Sai mu ce: a nuna mana sashen. An ƙulla yarjejeniyar a Samowa ranar 15 ga Nuwamba 2023 tsakanin Tarayyar Turai da ƙungiyar ƙasashe 79 na Afirka da Karibiyan da Fasifik, domin ta gaji ta Kwatano ta shekarar 2000. Nijeriya ta sa hannu a Birasel ranar 28 ga Yuni 2024. Babu inda aka ambaci auren jinsi a cikinta, kuma shugaban ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa na lokacin, Yakubu Maikyau, ya bayyana haka. Jaridar Daily Trust, wadda ta fito da labarin ranar 4 ga Yuli 2024, ta nemi afuwa bayan hukumar sauraron koke-koke kan kafafen yaɗa labarai ta ce rahoton ba daidai ba ne. Labarin ya karaɗe gari, neman afuwar kuwa bai kai kunnen mutane da yawa ba.

Ta biyu, suka ce akwai kalmomi masu faɗi game da haramta nuna bambanci, waɗanda za a iya lanƙwasa su nan gaba. Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, domin kalmomin suna nan, kuma Turawa sun so a fayyace su, ƙasashen Afirka da dama suka ƙi. Amma sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce wata yarjejeniya da ƙasar waje ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 tana nan daram, sa hannun jami'in gwamnati a Birasel bai shafe ta ba.

Ta uku, suka ce dala biliyan 150 aka ba mu a matsayin farashi. Wannan adadi ya yi kama da Yuro biliyan 150 na jarin da Tarayyar Turai ta yi wa Afirka gaba ɗaya alkawari a Fabrairun 2022, tun kafin a ƙulla yarjejeniyar. Mai cewa Nijeriya ta karɓi kuɗin sai ya kawo shaida.

Ta huɗu, suka ce za a tilasta wa alƙalanmu. Tsarin mulki ya cire auren Musulunci da na gargajiya daga cikin abubuwan da tarayya ta keɓanta da yi musu doka, sashe na 277 kuma ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin shari'ar aure. Katsina ta faɗaɗa aiki da shari'a a shekarar 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa. Inda aka halatta auren jinsi, majalisa ko kotun ƙasar ce ta yi: Holan a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, Amurka a 2015. Ko a cikin Tarayyar Turai, Hungari da Romaniya ba sa ɗaura shi.

Saboda haka mai kishin aure ya sa ido a kan ƙudurorin da ake gabatarwa a majalisa, ya tambayi wakilinsa abin da ke ciki. Malami kuwa ya karanta takarda kafin ya hau mumbari, domin in aka kama shi da labarin da bai tabbata ba, ranar da ya zo da na gaskiya ba za a saurare shi ba. Allah ne mafi sani.