Shawara ga masu motoci: sabon turbo, tsohuwar cuta

Da yawa daga cikin motocin gazuwal masu ratsa gundumar Madarumfa, daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya, da turbo suke aiki. Hayaƙin inji ke juya shi fiye da sau 100.000 a minti guda, shi kuwa yana cusa ma inji iska. Makasansa biyu ne: gurɓataccen baƙin mai da ƙurar hunturu. Saboda haka makaniken da ya ɗaura sabo bai juye mai ba, bai sake matatun mai da na iska ba, bai wanke bututun mai ba, ya yi ɓarnar kuɗin mai mota. Kamin a tada inji, a ɗura ma turbo mai, sannan a bar inji ya ɗumama sannu a tsaye.