IN LEKOL TA ƘONE, WA ZAI BIYA?

'Yan'uwa, ran 13 ga Afrilu 1921 ba mu magana, muna maganar jiya-jiya. Ran 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 sunka mutu, galibinsu ƙanana 'yan rainon lekol. Ran 8 ga Nuwamba na wannan shekara abin ya sake faruwa a Maraɗi, a ƙalla yara 25 sunka rasu. Daga nan gomnati ta hana a sa ƙananan yara cikin ajin zana. Hanin ya yi kyau, amma doka ba ta gina bango. Lissafin da gomnati ta bayar lokacin shugaba Mohamed Bazoum ya nuna azuzuwan zana wajen 36.000 cikin ƙasa.

Mi ne ne asiransi, wanda wasu ke ce ma inshora? Mutane da yawa ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan kowace shekara, wanda masifa ta faɗa ma a biya shi daga cikin tarin. Kamfani yana auna hatsari kafin ya yanka farashi. Ɗakin kara mai ƙofa guda, cike da yara, cikin iskar hunturu, in ma ya yarda ya ɗauka, sai da tsada. Saboda haka asiransi na fari shi ne tubali da kwano.

A tsarin Faransa, wanda munka gada abubuwa da yawa daga gare shi, gomnati ita ce asiransin kanta: in kayanta sun lalace, baitulmali ke biya. Kuma dokarsu ta 5 ga Afrilu 1937 ta ce in yaro ya ji rauni a hannun mushen lekol ɗin gomnati, gomnati ake kai ƙara, ba mushe ba. Wannan hujja ce mai kyau. Wanda ya ce a kawo yara, shi ke ɗaukar nauyin abin da ya same su.

To amma alkawarin baitulmali ba ya cika sai an rubuta ma shi layi cikin kasafin shekara. Dokar ilimi ta 1998 ta raba nauyin lekol tsakanin gomnati, da ƙananan hukumomi, da iyaye. Kun san yadda rabon ke ƙarewa a ƙauye. Bayan girbi iyaye ke kawo kara da itace, kwamitin lekol ya tara karo-karo, a kafa rumfa. Ta ƙone, su ne za su sake kafawa. Talakan da ya biya lanho ya koma shi ne kamfanin asiransi, ba wanda ya shawarce shi.

Ga abin da muke nema. Na ɗaya, a ware kuɗin gyaran lekol da ta ƙone ko ta rushe, da na magani da diyyar yaran da hatsari ya sama, a rubuta su daban cikin kasafin ƙasa da na kowace hukumar gari. Na biyu, duk abin da anka ba lekol a manna lissafinsa a ƙofa, kowa ya gani. Na uku, kuɗin gini su fara zuwa inda ƙananan yara suke. Na huɗu, kafin a gama gini, kowane ajin zana ya sami ƙofa biyu, da tazara tsakaninsa da na kusa, da randar ruwa da yashi, masu tuya kuma su nisanta.

Kowane reshe ya fita wannan mako ya ƙidaya azuzuwan zana na garinsa da yawan yaran da ke ciki. Ku rubuta, ku kai ma magajin gari, ku tambaye shi a gaban shaidu: in wuta ta tashi gobe, daga wace jaka za a biya? Ku aiko mamu amsar da ya bayar, za mu buga ta yadda ya faɗe ta.