Hoton ɗan tsuntsu: haƙuri ya fi tsadar kyamara

Matasan Potiskum da dama sun iya riƙe kyamara, sai dai aikinsu bai cika wuce biki da suna da taron siyasa ba. Lokaci ya yi da wasunsu za su waiwayi ƙananan tsuntsayen da ke kewaye da mu: carki a bayan shanu, gwara a kasuwar hatsi, marai da saƙarsa a rassan itatuwa, da jan baki mai hana manoman gero da dawa barci. Hoton ɗan tsuntsu da ya fito raɗau shaida ce mai amfani, kuma sanin halin tsuntsun ne ke samar da ita kafin kuɗi.

Abin da ke sa hoto ya fito dishi-dishi sananne ne: motsi, nisa da ƙarancin haske. Ɗan tsuntsu ba ya tsayawa cik, don haka ana so kyamara ta ƙifta cikin kashi 1 daga 1000 na daƙiƙa, ko ma fiye da haka sauri idan yana tashi, a kuma saita ta a kan idonsa. Wannan saurin yana neman haske, shi ya sa hantsi ya fi dacewa, rana tana bayan mai ɗauka. Da tsakar rana hucin ƙasa yana sa iska rawa, lokacin hunturu kuma hazo yana dusashe duk abin da ke nesa. Maganin biyun shi ne kusanci, kusanci kuwa ba a samunsa da bin tsuntsu. Da rani ruwa ne ke tara tsuntsaye. Wanda ya ajiye kasko da ruwa a gindin itace, ya zauna shiru ya jingina hannunsa da bango, tsuntsun ne zai zo ya same shi.

Za a ce gilashin jawo nesa ya fi ƙarfin aljihun talaka. Gaskiya ne, kuma jawo hoto da yatsu a waya faɗaɗa shi kawai yake yi, ba ya ƙara masa kyau. Amma tsohuwar kyamara a taku biyar ta fi sabuwa a taku hamsin. Abin da ba za a lamunta ba shi ne kama tsuntsu da tarko ko taɓa sheƙarsa don a samu hoto, domin uwa takan gudu ta bar ƙwai da 'ya'ya ga rana da maciji.

Wasu kuma za su ce wannan aikin mai ƙoshi ne. Manomi ne zai fara ƙaryata su. Idan jan baki ya sauka, hukuma kan yi feshi ta jirgin sama, maganin kuma ba ya tantance mai ɓarna da mai cin ƙwari. Hoto bayyananne, da rana da wurin da aka ɗauke shi, yana nuna wa malamin gona ko wane tsuntsu ne, da inda yake kwana. Masu bincike ma suna jira. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos, wadda aka kafa a 2001, tana tattara bayanan inda tsuntsayen Najeriya sama da nau'i 900 suke zama, kuma da rahoton 'yan sa-kai take dogaro. Jihar Yobe tana da wani ɓangare na fadamun Hadeja da Nguru da mafakar tsuntsaye ta Dagona, inda baƙin tsuntsaye daga Turai ke sauka duk shekara.

Ya kamata makarantun Potiskum da ƙungiyoyin masu ɗaukar hoto su fara fita da matasa da sassafe, su koya musu sunayen tsuntsaye da halayensu. Idan ba mu adana hotonsu yau ba, gobe ba za mu iya cewa wanne ya ragu, wanne ya ɓace ba.