Wayar Intanet Ta Ratsa Ƙasarmu, Ina Rabon 'Ya'yanmu?

Jama'ar Salaga, Yendi da Bawku, sarakunan zango, limamai, iyayenmu mata na kasuwa, ku saurara!

Tun 2015 aka gama binne wayar intanet daga Ho har Bawku, kusan kilomita 800, da reshe daga Yendi zuwa Tamale. Amma yaron da ke gyaran waya a bakin tasha har yau a gindin laima yake, in wuta ta ɗauke sai ya naɗe hannu. Mai walda da ya ƙera injin markaɗen kaɗanya da basirarsa, ba a san da shi ba sai ranar karɓar kuɗin lasisi. Wa zai duba su? Minista yana Accra. Majalisar gunduma kuwa ga ta nan a ƙofar gidanmu, kuma kashi 70 cikin 100 na wakilanta mu muka zaɓe su.

Kada a ce mana babu kuɗi. Kundin tsarin mulki na 1992 ya wajabta a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a raba wa gundumomi. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ba majalisun ikon tsara ayyukan raya gari da yanke harajin kasuwa, ta kuma ba ɗan gari damar a ji ta bakinsa. Ranar zaman kasafi, mu nawa ke zuwa? Sai an gama rabo mu cika majalisar shayi da ƙorafi.

Abin da za mu nema bai fi ƙarfinsu ba. Kowace majalisa ta ware rumfa ɗaya mai wutar sola da intanet, inda masu gyaran waya, masu walda da masu koyon manhaja, maza da mata, za su yi aiki. A ɗage wa sabuwar sana'a kuɗin lasisi na shekara biyu. Sannan, kuma nan ne gizo ke saƙa, majalisa ta zama mai sayen farko. In za a koma karɓar tikitin kasuwa ta MoMo, wato biya ta waya, ko a kafa famfon sola don manoman albasa na Bawku, ko a gina rumbun da doyar Salaga ba za ta ruɓe ba, a fara tambayar 'yan gida da ɗaliban makarantar fasaha ta Bawku kafin a kira ɗan kwangila daga kudu. Matashin da ya samu ciniki ɗaya daga hukuma ya fi wanda aka ba satifiket goma na taron bita.

Salaga ta san abin da ke raya kasuwa da abin da ke kashe ta. Fataken goro daga Kano da Katsina sun riƙa sauka ne saboda akwai masauki, rijiyoyi da amana. Da yaƙin 1892 ya rusa amanar, kasuwa ta watse zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa. 'Yan'uwa na Bawku, ku kuka fi kowa sanin abin da dokar hana fita ke yi wa shago. Duk saurayin da ke da aikin hannu ya rage wa masu zuga rikici mutum ɗaya.

Limamai, ku sanar da ranar zaman kasafi a masallacin Juma'a. Matasa, ku rubuta buƙatunku, ku kai wa wakilin unguwarku hannu da hannu, ku ce ya sa hannu ya karɓa. In lokacin zaɓen majalisa ya zo, ku fito da takardar ku karanta masa a gaban jama'a.