Kafin Alhaji ya sayar da gona

Duk shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, sai hira ta sauya a rumfunan kasuwar Dole da ofisoshin Damagaram. Ina za a kai yaro? Na sha jin uba yana kuri da cewa makarantar da ya zaɓa wa ɗansa ta fi kowacce tsada, kamar dai tsadar ce shaidar ingancinta. A nan muke da ja.

Mu waiwayi tarihi. Makarantar da ta fi kowacce daraja a yankinmu zamanin mulkin Faransa ita ce William Ponty ta ƙasar Senegal. An kafa ta a Saint-Louis a 1903, aka mai da ta tsibirin Gore a 1913, sannan Sebikotan a 1938. Ba a shigarta sai da jarrabawar gasa, bayan an tace yaro a lakwal ɗin garinsu, an sake tace shi a babbar firamare. Daga Nijar ƴan ƙalilan ne suka samu shiga, irin su Bubu Hama, Jori Hamani da Jibo Bakari. Amma iyayensu ba su sayar da ko akuya ba: gwamnati ce ke ciyar da ɗalibi, ta tufatar da shi, shi kuma ya yi alkawarin yi mata aiki shekara 10. Ba don Allah Nasara ya yi haka ba, malamai da akawu yake nema masu arha. Duk da haka, daga cikin ajin nan aka samu Hufuwet Buwanyi da Modibo Keita da shugabanmu na farko.

Haka abin yake har yau a can ƙolin duniya. A 2023 mutum fiye da 56,000 suka nemi shiga jami'ar Harvard ta Amurka, ba a ɗauki ko 2,000 ba. Kuɗin shekara guda, da karatu da ci da kwana, ya haura dala 80,000 (dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba), watau sama da miliyan 40 na sefa. Sai dai a 2025 jami'ar ta ba da sanarwa cewa ɗalibin da iyayensa ba su samun fiye da dala 100,000 a shekara ba zai biya kome ba. Wane ma'aikaci ne a Damagaram albashinsa ya kai haka? Abin da ke hana ɗanmu shiga shi ne ƙuncin ƙofar, da rashin wanda zai shirya shi tun yana lise, da kuma Turancin Ingilishi.

To, ina makarantun da ke cinye dukiyar ƴan kasuwarmu? Su ƙofarsu a buɗe take wayam, jarrabawarsu ita ce rasit. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Najeriya ya bayyana yadda ya samo digiri daga wata jami'a ta Kwatano cikin sati shida, bai taɓa zama aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Masu laifi da waɗanda suka yi karatu tsakani da Allah duk igiya ɗaya ta ɗaure su, kuma asarar ta koma kan iyaye.

Ban ce jami'armu ta gida, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan Farfesa André Salifou, ba ta da nata ciwo ba. Cunkoso da jinkirin burs ba baƙin abu ba ne ga ɗaliban ƙasar nan. Amma malamanta mun san gidajensu, takardarta kuma hukuma ta san da ita.

Saboda haka, Alhaji, idan dillalin makaranta ya zo maka da takarda mai hotuna masu ƙyalli, ka tambaye shi mutum nawa suka nema bara, nawa aka mayar gida. In ya ce ba a mayar da kowa ba, ka sa ya kawo maka sunan ɗalibi ɗaya da ya gama can, da ofishin da yake aiki yanzu, ka aika yaro ya gano.